Siri Lanka: korona ce ta durƙusar da ƙasar, ko rage haraji?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da aka ɗauko zancen haraji a wannan zaure, sai wani ya kawo Siri Lanka ya ce rage haraji ne ya kai ta ƙasa a 2022. Ni har yanzu ban gamsu ba, ga dalilina.

Ƙasar tsibiri ce mai mutum kusan miliyan 22. Man fetur, gas ɗin girki, alkama, madarar gari da akasarin magunguna, duk ta jirgin ruwa suke shigowa, kuma da dala ake biya. Hanyoyin samun dalarta huɗu ne: tufafin da masaƙu da kamfanonin ɗinki ke fitarwa, ganyen shayi, kuɗin da 'yan ƙasar masu aiki a waje ke aikowa gida, da baƙi masu yawon buɗe ido. A 2018 baƙi miliyan 2.3 suka shiga, suka bar sama da dala biliyan 4. A watan Afrilun 2019 aka kai hare-haren bama-bamai a coci-coci da otal-otal ranar bikin Ista, mutum fiye da 250 suka mutu, baƙi suka ragu. Sai ga korona: a 2020 baƙi kusan rabin miliyan, a 2021 ba su kai 200,000 ba. To haraji da rupi, kuɗin ƙasar, ake karɓarsa, mai jirgin mai kuwa ba ya karɓar rupi. Ko da gwamnati ta ninka haraji, ta ina zai zama dala? A ganina korona ce ta yi ɓarnar, haraji ya ɗauki laifi.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Tambayarka tana kan hanya, amma bari mu fara da abin da aka rage, don mutane da yawa suna jin "rage haraji" su ɗauka ɗan sassauci ne.

Gotabaya Rajapaksa ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Nuwamban 2019, kafin watan ya ƙare aka sanar da waɗannan. VAT daga kashi 15 ya koma 8. Harajin gina ƙasa na kashi 2 aka soke shi. Harajin kamfanoni daga 28 ya koma 24. Mafi girman harajin albashi daga 24 ya koma 18. Ma'aikacin da a da ake fara cire masa haraji daga rupi 100,000 a wata, sai ya kai 250,000. Aka kuma daina tilasta wa mai ɗaukar ma'aikata ya cire harajin tun daga tushe kafin ya biya albashi, haka ma wanda bankuna ke cirewa daga kuɗin ruwan ajiya.

Wanda ya fi ciwo kuma ba a cika ambatonsa ba shi ne ƙa'idar rajistar VAT. A da duk kasuwancin da cinikinsa ya kai rupi miliyan 12 a shekara dole ya yi rajista. Aka ɗaga zuwa miliyan 300, ninki 25 ke nan. VAT sarƙa ce: mai shigo da kaya ya ba babban dila rasit, babban dila ya ba ƙarami, kowa yana neman rasit ɗin don a cire masa abin da ya riga ya biya. Da wannan rasit hukumar haraji take gane cinikin kowa. Idan ka fitar da na tsakiya daga rajista, babu mai neman rasit a wurin na sama, na saman ma sai ya fara ɓoye ciniki. Ba kuɗin shekarar kawai aka rasa ba, an rasa bayanan da ake bin mutane da su, kuma sake haɗa su aikin shekaru ne.

Abin da gwamnati ke tarawa ya faɗo daga kusan kashi 12 cikin 100 na jimillar arzikin ƙasa zuwa kusan kashi 8 a 2021. Ƙasashen da suke ƙasa da haka a duniya 'yan kaɗan ne.

Baban Hanifa:
Na ji, Malam. Amma duk wannan rupi ne. Ina dalar?

Ɗan Canji:
Bari in amsa wannan, Alhaji, don nan ne igiyar ta haɗu. Hanyoyi biyu rupi ke bi ya cinye dala.

Ta farko bashi. Tun 2007 Siri Lanka ke sayar da takardun lamuni na dala a kasuwannin duniya, har suka kai kusan dala biliyan 12 da rabi. Irin wannan bashin ba da aljihu ake biyansa ba. Idan na biliyan ɗaya ya nuna, sai a sayar da sabo a biya tsohon. Wannan juyi yana tafiya ne muddin masu ba da bashi sun yarda da kai, abin da suke kallo kuma shi ne kashi nawa na kuɗin shigarka ke tafiya a kuɗin ruwa. Bayan rage harajin, kuɗin ruwa kaɗai ya kai kusan kashi 70 na abin da gwamnati ke tarawa. A cikin 2020 kamfanonin auna ƙarfin biyan bashi na Moody's da Fitch da S&P duk suka saukar da darajar ƙasar zuwa matakin da ba mai sayen sabuwar takardarta. Daga nan duk bashin da ya nuna sai an ɗebo daga ajiyar babban banki: biliyan ɗaya a Oktoban 2020, biliyan ɗaya a Yulin 2021, miliyan 500 a Janairun 2022. Ajiyar da take dala biliyan 7.6 a ƙarshen 2019, zuwa Mayun 2022 ministan kuɗi Ali Sabry ya shaida wa majalisa cewa wadda za a iya taɓawa ba ta kai miliyan 50 ba.

Ta biyu buga kuɗi. Giɓin kasafi ya haura kashi 10 na arzikin ƙasa, waje ba a ba da bashi, a cikin gida kuma gwamnati ta danne kuɗin ruwa, masu kuɗi suka ƙi sayen takardun baitulmali. Wa zai saya? Babban banki, da sabon rupi. Sabon rupin ya shiga albashi da kwangila, daga nan ya shiga kasuwa, a tsibiri kuwa kaso mai yawa na abin da ake saye daga waje yake. Ɗan kasuwa ya kwashi rupin ya nufi banki neman dala. Babban banki ya kafe farashi a kusan rupi 200, don haka shi ne zai fito da dalar daga ajiya. Ka ga harajin da ba a karɓa da rupi ba, da dala aka biya shi.

Dattijo:
Ɗan Canji ya yi bayani. Abin da zan ƙara, kada a yi ta zancen abin da ba a tara ba a manta da abin da aka kashe. Ma'aikatan gwamnati sun kai kusan miliyan ɗaya da rabi a ƙasa mai mutum miliyan 22, kuma a 2020, ana tsakiyar annoba, aka ƙara ɗaukar dubban masu digiri. A lokacin kamfanin mai na gwamnati da na lantarki suna sayarwa ƙasa da abin da suka kashe, asarar tana taruwa a bankunan gwamnati da sunan bashi, wani na dala. Kamfanin jiragen saman ƙasar shekara da shekaru yana asara. Ga filin jirgin Mattala da aka gina a yankin su Rajapaksa, jirage ba sa sauka sai jefi-jefi. Ga tashar ruwa ta Hambantota da aka ba wa kamfanin Sin haya ta shekara 99 a 2017. Wannan ɗabi'a ta girmi korona, ta girmi rage harajin 2019.

Sarkin Noma:
Baba Dattijo, tunda ka ambaci Hambantota, mutane da yawa cewa suke bashin Sin ne ya kashe su. Gaskiya ne?

Dattijo:
Yana ciki, amma ba shi ne babba ba. Gwamnatin ta lissafa shi kusan kashi 10 na bashin waje, masu bincike da suka haɗa da na bankunan Sin suka kai shi kusa da 20. Babban kaso na masu takardun lamunin kasuwa ne, su ne kuma masu tsadar ruwa da gajeren wa'adi. Bashin Japan da na Bankin Duniya da na Bankin Raya Asiya ruwansa kaɗan ne, wa'adinsa shekaru da yawa. Laifin bashin Sin ba yawansa ba ne, inda aka zuba wani ɓangare nasa ne: ayyukan da ba sa mayar da ko kuɗin gyaransu.

Ummu Sadiq:
Ina so mu dawo kan korona kanta, don Baban Hanifa yana magana kamar annobar iri ɗaya ta zo wa kowa kuma iri ɗaya kowa ya yi da ita. Ba haka ba ne.

Ku duba maƙwabciyarta Maldives. Ta fi Siri Lanka dogaro da baƙi nesa ba kusa ba, tattalin arzikinta ya faɗi da kusan kashi ɗaya bisa uku a 2020. Amma ta buɗe iyakarta ranar 15 ga Yulin 2020. Abin da ya ba ta dama shi ne tsarin otal-otal ɗinta: kowane babban otal yana kan tsibirinsa shi kaɗai. Baƙo ya sauka a filin jirgi, kwalekwale ko ƙaramin jirgi ya kai shi kai tsaye, ba ya cuɗanya da mutanen gari, ma'aikatan otal kuma sai an gwada su ko an killace su kafin su koma tsibiran iyalansu. A 2021 ta karɓi baƙi kusan miliyan 1.3. Siri Lanka ba ta buɗe ba sai Janairun 2021, da sharaɗin baƙo ya zauna a otal da aka ware, a yi masa gwaji fiye da sau ɗaya, kada ya shiga jama'a sai bayan kwana 14. Wanda hutunsa mako biyu ne ba zai zo ba. Ban ce Siri Lanka ta yi kuskure a nan ba, don ba ta da tsibiran da za ta raba mutane a kai. Abin nufi shi ne ta san baƙi ba za su dawo da wuri ba, ta san tun tsakiyar 2020, amma ba ta taɓa kasafinta ba.

Ga kuma abin da ya fi nuna illar rage harajin. Da aka sa dokar hana fita a Maris 2020, abin da gwamnati ta iya ba wa iyalai marasa ƙarfi shi ne rupi 5,000, wanda bai kai dala 30 ba a lokacin. Niyu Zilan, ita ma tsibiri, ta biya kamfanoni dalarta 585.80 a mako kan kowane cikakken ma'aikaci har mako 12 don kada a sallame shi, ta ware asusun dalarta biliyan 50 a Mayun 2020. Ba don ta fi tausayi ba. Tana tara haraji kusan kashi 30 na arzikinta, VAT ɗinta kashi 15 ne kuma kusan ba abin da aka keɓe, bashinta kaɗan ne kuma da kuɗinta take ci. Mai irin wannan ƙarfin yana iya rufe ƙasa ya ciyar da mutane. Wanda ba shi da shi, kullen ma ba ya riƙuwa, don mai aikin yini dole ya fita.

Baban Hanifa:
Hajiya, Niyu Zilan ƙasar masu kuɗi ce, ba a haɗa ta da Siri Lanka. Kuma su ma ai sun sha: farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo, hauhawar farashi ta kai kashi 7.3 a 2022, 'yan ƙasa da yawa sun maƙale a waje suna jiran gurbi a otal ɗin killacewa. Maldives ɗin kuma da kika yaba, bashinta ya haura dukkan arzikinta na shekara, a 2024 Fitch ta saukar da ita kusa da matakin gaza biya. Fiji ta rasa kusan kashi 17 na tattalin arzikinta a 2020, ta bar ma'aikata su ɗebi kuɗin fanshonsu su ci. Kowane tsibiri ya ji jiki.

Ummu Sadiq:
Kowa ya ji jiki, Alhaji, ban musa ba. Amma a cikin waɗanda ka lissafa wa ya kasa biyan bashi? Wa aka ɗauke wa wuta awa 13 a rana? Ina aka ɗage jarrabawar yara don babu takarda? Maldives ta fara karɓar harajin albashi a 2020, daidai lokacin da Siri Lanka ke watsar da nata, ta kuma ƙara harajin kayayyaki daga 6 zuwa 8, na otal-otal daga 12 zuwa 16 a Janairun 2023. Fiji ta mayar da VAT kashi 15 a 2023. Suna cikin wahala, amma ba su faɗi ba.

Malamin Lissafi:
Akwai abu ɗaya da ya raba su tun farko. A 2020 IMF, asusun ba da lamuni na duniya, ta buɗe taimakon gaggawa na korona, wanda ba shi da dogayen sharuɗɗa. Maldives ta karɓa a watan Afrilu, Najeriya ma ta karɓi dala biliyan 3.4 a watan. Siri Lanka ba ta samu ba, saboda ƙa'idar asusun ita ce sai an tabbatar bashin ƙasa mai biyuwa ne, nata kuwa lissafin bai fita ba. Wannan gargaɗi ne tun shekara biyu kafin faɗuwar. Maimakon a kira masu bashi a zauna tun akwai dala biliyan biyar ko shida a ajiya, sai aka shiga rance na ɗan lokaci: musayar kuɗi da Sin wadda sharaɗinta ya hana a taɓa ta, dala miliyan 200 daga Bangaladash, sai Indiya da ta zuba kusan biliyan 4 a 2022. Mai neman sassauci da kuɗi a hannunsa yana da bakin magana. Su sai da rumbu ya ƙare suka je, ranar 12 ga Afrilun 2022 suka sanar da dakatar da biya, karo na farko tun samun 'yanci a 1948.

Sarkin Noma:
To bari in shigo da nawa ɓangaren, don yunwar ba daga banki kaɗai ta fito ba. A ƙarshen Afrilun 2021 aka hana shigo da takin zamani da magungunan ƙwari, aka ce ƙasa gaba ɗaya ta koma takin gargajiya, ba a hankali ba, a lokaci ɗaya. An ce don lafiyar jama'a ne, amma kowa ya ga ƙarancin dala a ciki.

Matsalar ta lissafi ce. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, don kashi 46 ne. Takin da aka ruɓar daga ganye da kashin dabbobi kashi ɗaya ne zuwa biyu. Kafin ka maye gurbin buhu ɗaya kana bukatar tan ɗaya zuwa biyu, kuma ba ya sakin abincin lokacin da shinkafa ke yin 'ya'ya, a hankali yake narkewa. Irin shinkafar da suke shukawa ingantacce ne da aka ƙirƙira don ya ci takin zamani. Ina za a samo miliyoyin tan cikin wata shida, da wace mota za a kai gona? An yi odar takin gargajiya daga Sin, masu binciken tsirrai na ƙasar suka ce akwai ƙwayoyin cuta a ciki, aka ƙi sauke jirgin, daga baya kuma aka biya sama da dala miliyan 6. A Nuwamba aka janye dokar, amma damina babba ta riga ta shiga, dalar sayen takin kuma babu. Shinkafar 2022 ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku, ƙasar da ta kusa ciyar da kanta ta koma saye daga waje. Ganyen shayi ya faɗi zuwa kilo miliyan 251, mafi ƙaranci cikin fiye da shekara 20, shi ne kuma mai kawo dala sama da biliyan ɗaya a shekara.

Ɗan Canji:
Haka kuɗin 'yan ci-rani ya tafi. A 2020, duk da korona, sun aiko da kusan dala biliyan 7, don jirage sun tsaya, hanyar hannu ta toshe, kowa ya bi banki. A 2021 ya koma biliyan 5 da rabi, a 2022 bai kai 4 ba. Ba aikowa suka daina ba. A ce 'yar aiki a Kuwait za ta tura dala 300: banki zai ba iyalanta a kan 203, rupi 60,900 ke nan, mai hawala a ce ya ba da 250, rupi 75,000. Wa zai bar 14,000 don kishin ƙasa? Babban banki ya ƙara rupi 10 kan kowace dala don jawo su, ya yi barazanar rufe asusun masu bin bayan fage, ba abin da ya canja. Da aka saki rupi a Maris 2022 ba tare da an fara ɗaga kuɗin ruwa sosai ba, cikin wata biyu ya kai 360. Sai a Afrilu sabon gwamnan babban banki Nandalal Weerasinghe ya ɗaga ruwan da kashi 7 a zama ɗaya. Tsarin da ya dace shi ne a fara tsayar da buga kuɗi, a ɗaga ruwa, sannan a saki farashi. Su sun fara da na ƙarshe.

Ummu Sadiq:
Akwai wani ɓangare na dokokin korona a can da bai shafi kuɗi ba, amma bai kamata zaure irin namu ya tsallake shi ba. Daga Afrilun 2020 gwamnati ta wajabta ƙona gawar duk wanda korona ta kashe, har da Musulmi, waɗanda suka kai kusan kashi 10 na jama'a, da Kiristoci. Hujjar ita ce wai binnewa za ta gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce binnewa da ƙonawa duk sun halatta, ƙwararrun ƙasar da dama ma sun faɗi haka. An ƙona Musulmi fiye da 200, har da jariri ɗan kwana 20. Sai a ƙarshen Fabrairun 2021 aka janye, kwanaki kaɗan bayan ziyarar firaministan Pakistan na lokacin, Imran Khan, aka ware wuri ɗaya a Oddamavadi can gabashin ƙasar, inda iyali za su yi tafiya mai nisa kafin su binne nasu. A Yulin 2024 majalisar ministoci ta nemi afuwa. Ko ta fuskar lafiya kawai aka duba, doka ce mai cutarwa: wanda ya san za a ƙona mahaifinsa idan gwaji ya nuna cutar, zai yi ta jinya a gida ya ƙi asibiti, cutar ta yi ta yawo ba a sani ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Dattijo:
Amin, Hajiya. Kuma tushensu ɗaya da batun taki da na haraji: shawara ta taru a hannun mutane kaɗan. Kwamitin yaƙi da korona babban hafsan soja ne ya jagorance shi, gyaran tsarin mulki na 20 a Oktoban 2020 ya ƙara wa shugaban ƙasa iko, 'yan gida ɗaya ne shugaban ƙasa da firaminista, daga baya har da ministan kuɗi. A Nuwamban 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Gotabaya da Mahinda da Basil Rajapaksa, da tsofaffin gwamnonin babban banki biyu, sun ci amanar jama'a wajen tafiyar da tattalin arzikin.

Anti Ladi:
Na karanta duka. Malamin Lissafi, da kai nake. Kun nuna rage haraji ya yi ɓarna, na yarda. Amma wa ya biya kuɗin gyara? Tun kafin yarjejeniyar IMF ta kusan dala biliyan 3 a Maris 2023, VAT ya bi 12, ya bi 15 a 2022, bayanta kuma ya kai 18 a Janairun 2024, aka kuma cire kayayyaki da yawa daga jerin waɗanda aka yafe. Harajin albashi ya dawo daga rupi 100,000 a wata. Sai dai 100,000 ta 2019 dala 550 ce, ta farkon 2023 ba ta kai 300 ba, bayan hauhawar farashi ta taɓa kashi 70 a Satumban 2022. Mai albashin 250,000 da bai biyan komai a 2022, lissafa: miliyan 3 a shekara, cire miliyan 1.2, saura miliyan 1.8. Rabin miliyan na farko kashi 6, na biyu 12, na uku 18, ragowar 300,000 kashi 24. Jimilla 252,000, wato 21,000 duk wata, a lokacin da kuɗin wuta ya ninka. Shi ya sa likitoci da malaman jami'a da ma'aikatan banki da na tashar ruwa suka yi yajin aiki a Maris 2023, likitoci da yawa kuma suka bar ƙasar.

Sannan da aka zo sake tsara bashin cikin gida, bankuna aka tsallake, aka kama asusun fanshon ma'aikata. Aka ce ko ya yarda a musanya masa takardunsa da masu ruwa kashi 12 zuwa 2025, daga nan kashi 9, ko harajinsa ya tashi daga 14 zuwa 30. Kuɗin mai tsinkar ganyen shayi ne da mai ɗinki a masaƙa. Bankin Duniya ya ƙiyasta talauci ya ninka, daga kashi 13 zuwa 25 cikin shekara ɗaya. Waɗannan ba su ci ribar ragin 2019 ba, don albashinsu bai kai a cire haraji ba tun asali.

Malamin Lissafi:
Anti, ba ni da ja a kan wannan, kuma shi ne muhawarar da 'yan ƙasar ke yi yanzu, ita ce ma ta taimaka wa Anura Kumara Dissanayake ya ci zaɓen shugaban ƙasa na Satumban 2024. Ya ɗaga matakin fara biya zuwa 150,000 a wata daga Afrilun 2025, amma bai fita daga yarjejeniyar ba.

Dalilin da nauyin ya faɗa kan VAT da albashi shi ne su ne ake iya karɓa gobe da safe. VAT a tashar ruwa da manyan kamfanoni ake kama shi, albashi kuma a ofishin biya. Tun da daɗewa kusan kashi 80 na harajin ƙasar daga kayayyaki yake fitowa, 20 kacal daga kuɗin shiga. Inda kuɗin yake ba a taɓa ba wurare uku ne. Hutun haraji da ake ba manyan ayyuka, wasu har shekara 25, kuma sabon birnin da aka cike teku aka gina a gefen Kolombo, birni mafi girma a ƙasar, yana da nasa. Sai ikon da minista ke da shi na canja harajin shigo da kaya da sanarwa ɗaya cikin dare: a Oktoban 2020 aka sauke na sukari daga rupi 50 a kilo zuwa kwata na rupi ɗaya, gwamnati ta yi asarar biliyoyi, farashi a shago bai sauka daidai da haka ba, babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya yi rahoto a kai. Na uku dukiya, wato gidaje da filaye.

Anti Ladi:
To me ya hana na gidajen? Ai gida ba ya gudu.

Malamin Lissafi:
Ba ya gudu, amma sai ka san na wane ne da nawa yake. An sa shi cikin tattaunawa da IMF, ana ta ɗaga lokacinsa. Aikin yana da matakai, kuma ba a tsallake ɗaya. Da farko rajistar filaye ta koma kwamfuta, kowane fili da lambarsa da sunan mai shi. Sannan a haɗa sunan da lambar mai biyan haraji, don mai gida biyar kada ya bayyana a matsayin mutum biyar. Sai a tara farashin da aka sayar da gidaje a zahiri a kowace unguwa, ba wanda aka rubuta a takarda don a rage kuɗin hatimi ba, da shi ake ƙiyasta darajar sauran. A keɓe gidan da mutum yake zaune a ciki har zuwa wani mataki, in ba haka ba tsohuwar da ta gaji gida a tsakiyar Kolombo ba ta da albashi za a tilasta mata sayarwa. A kafa inda mutum zai kai ƙara idan an yi wa gidansa kuɗi fiye da kima. Akwai kuma batun tsarin mulki, don harajin kadara a can yana hannun ƙananan hukumomi da larduna, shi ya sa aka yi tunanin a bi ta wata hanya, a ƙiyasta hayar da gidan zai iya kawowa a ɗora haraji a kanta a matsayin kuɗin shiga. Ƙimar da ƙananan hukumomi da yawa ke aiki da ita ta tsufa da shekaru, sabunta ta kuma sai an tura ma'aikata unguwa-unguwa sun auna.